Yarda da kai ko girman kai? Amsa ga mai sana'ar da ke jin nauyin faɗin kuɗin aikinta

Tambaya: Ni mai bin Almasihu ce, ina da shagon ɗinki da 'yan ma'aikata a ƙarƙashina. Kowa yana yaba aikina, amma in aka zo ciniki sai bakina ya yi nauyi, in rage kuɗi tun ba a roƙe ni ba. 'Yan'uwa a ikkilisiya suna karɓar kaya bashi, ni kuma ina jin kunyar tambaya. Ana ce mini in yarda da kaina, amma ina tsoron kada abin ya zama girman kai. Ga addu'ata ta yi sanyi saboda yawan aiki. Ta ina zan fara?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Zan fara da abin da wataƙila ba zai yi miki daɗin ji ba. Abin da kike ɗauka tawali'u ne, a yadda kika bayyana shi, tsoron mutane ne. Sun yi kama daga nesa, shi ya sa mata masu bi da yawa suke rikita su. Mai tawali'u hankalinta ba ya kanta. Mai tsoron mutane kuwa hankalinta yana kanta dare da rana: me za a ce da ni, kada a ce na cika son kuɗi, kada a ce tun da na buɗe shago na canza. Karin Magana 29:25 ya kira tsoron mutum tarko, ya kuma ce wanda ya dogara ga Ubangiji shi ne yake zaune lafiya. Lura da cewa ayar ba ta sa girman kai a matsayin kishiyar tsoron mutum ba. Dogara ga Allah ta sa.

Bulus ma, a Romawa 12:3, bai ce kowa ya rena kansa ba. Cewa ya yi kada mutum ya ɗauki kansa fiye da yadda ya kamata, sai dai ya auna kansa da natsuwa. Ma'auni yana iya yin ƙarya ta sama, yana iya yin ƙarya ta ƙasa. Macen da ta iya yanka da ɗinki har mutane suna layi a ƙofarta, amma tana cewa "ai ni ban iya komai ba, sa'a ce kawai", ba gaskiya take faɗa ba. Kuma ba ta girmama Allah da wannan maganar ba, domin ta musanta baiwar da ya ba ta da shekarun da ta yi tana koyo.

Dubi matan da Littafi Mai Tsarki ya nuna mana suna sana'a. Lidiya, a Ayyukan Manzanni sura 16, mutuniyar Tayatira ce, tana sayar da tufafin shunayya a Filibi. Shunayya a zamanin nan kayan masu hali ne, wato cinikinta da manya take yi, ba da masu neman ragi ba. Bulus ya same ta a bakin kogi ranar Asabar a wurin addu'a, Ubangiji ya buɗe zuciyarta, aka yi mata baftisma ita da mutanen gidanta. Nan take ta gayyaci manzannin su sauka a gidanta, kuma Luka ya rubuta cewa matsa musu ta yi har suka yarda. Sabuwar tuba ce fa, amma ba ta tsaya tana murza hannu tana tunanin ko ta isa ba. Da aka sako Bulus da Sila daga kurkuku, gidanta suka nufa suka sami 'yan'uwa. Ga Bilkisu matar Akila, wadda wasu fassarori suke kira Firiskila. Sana'arsu ɗinkin tanti. Sarki Kalaudiyus ya kori Yahudawa daga Roma, suka tattara suka koma Koranti, daga can suka tafi Afisa, daga baya wasiƙar Romawa ta gaishe su a Roma. Duk wadda ta taɓa tashi da shago daga wuri zuwa wuri ta san abin da wannan yake nufi: sabbin masu saye, sabon mai ba da kaya, farawa daga tushe. Sau shida aka ambaci ma'auratan nan tare a Sabon Alkawari, sau huɗu sunanta ne a gaba. Ita da mijinta suka ja Afolos gefe, mutum mai ilimi da iya magana, suka ƙara fayyace masa hanyar Allah.

Amma wadda ta fi dacewa da matsalarki ita ce macen nan ta Karin Magana 31. An saba karanta wannan sura ana tsayawa a kan tashi da asuba da kula da gida. A ci gaba da karatu mana. Aya ta 16 ta ce takan duba gona, ta yi nazari, sa'an nan ta saya. Aya ta 24 ta ce tana yin tufafi tana sayarwa, har 'yan kasuwa take kai wa kaya. Aya ta 18 kuwa ta ce ta gane cinikinta yana kawo riba. Yaya mutum zai gane cinikinsa yana da riba in ba ya lissafi? Bayan wannan ne aka ce tana buɗe hannu ga matalauta, aka kuma ce ba ta fargabar gobe. Ƙarfin halinta bai faɗo daga sama ba. Ta san abin da ya shigo, ta san abin da ya fita.

A nan ne nake so mu daɗe, domin a nan yawancin rashin yarda da kai na masu sana'a yake ɓuya. In aka tambaye ki kuɗin riga, kika faɗi adadi, mai saye ta yi shiru tana jujjuya yadin a hannu, me yake faruwa a cikin 'yan daƙiƙun nan? Gabanki ya faɗi, ki ce a ranki na faɗa da yawa, kafin ta buɗe baki kin ce "to, bari in rage miki." Ita kuwa mai yiwuwa tunanin launin zare take yi. Dalilin da ya sa shirun nan yake kayar da ke shi ne, ke kanki ba ki tabbata daga ina adadin ya fito ba. Kin ƙiyasta shi ne, ko kin ji abin da wata take karɓa. Abin da mutum ya ƙiyasta ba ya iya tsayawa a kansa.

Saboda haka ki zauna da biro da littafi ki fitar da ainihin kuɗin da kowane aiki yake ci. Yadi da zare da maɓalli da sauran kayan haɗi. Ladan wadda ta ɗinka. Kason aikin a cikin kuɗin haya da wuta da gyaran keke. Abin da yake lalacewa ko ake sake yi. Sa'an nan lokacinki ke kanki, wanda mata da yawa suke mantawa da shi kamar kyauta aka ba su: awannin da kika yi kina awo, kina yanka, kina duba aikin yara. Ki yanka wa kanki albashi kamar kowace ma'aikaciya, ki sa shi cikin lissafi. Riba tana zuwa ne a kan duk wannan, kuma ita ce take sayen sabon keke, ita ce take riƙe shago a watan da ba ciniki. Yesu da kansa, a Luka 14:28, ya ɗauka abu ne sananne cewa mai niyyar gina hasumiya zai fara zama ya yi lissafin abin da za ta ci.

Ga wani ɗan lissafi da yake buɗe wa mutane ido. A ce a cikin kowane 100 da kika karɓa, 80 kuɗin da aikin ya ci ne, 20 riba. Kika rage wa mai saye 10 don kunya. A idonki ragi ne kaɗan, kashi ɗaya cikin goma. A littafi kuwa rabin ribarki ce ta tafi, sai kin yi aiki biyu kafin ki sami abin da aiki ɗaya ya kamata ya ba ki. Ranar da kika ga wannan da idonki a rubuce, bakinki zai daina nauyi, ko da gabanki bai daina faɗuwa ba tukuna. Ki faɗi kuɗin, ki rufe baki, ki bar ta ta yi magana. In za ki yi ragi, ki yi shi da niyya, kin san abin da kika bayar da dalilin da ya sa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A 1977 Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya bayyana hanyoyi huɗu da mutum yake samun tabbacin cewa zai iya wani abu: ya yi abin da kansa ya ga ya yiwu, ya ga wani irinsa ya yi, a ƙarfafa shi da magana, da kuma yadda yake fassara abin da jikinsa yake ji, kamar bugun zuciya da rawar murya. Ta farkon ce ta fi duka ƙarfi. Wato ƙarfin hali yana biyo bayan aikatawa ne, ba ya riga ta. Kada ki jira ranar da za ki ji kin shirya. A 1978 kuma Pauline Clance da Suzanne Imes sun yi rubutu a kan mata fiye da 150 da suka yi fice a karatu da aiki, amma suna ji a ransu yaudarar mutane suke yi, wata rana asirinsu zai tonu. Na kawo wannan ne don ki san cewa jin "ban isa ba" ba shaida ba ce a kan iyawarki, kuma ba lallai alamar raunin bangaskiya ba ce. Gwanaye ma suna jin sa.

Shi ya sa ban cika ba da ƙarfi ga tsayawa gaban madubi ana maimaita "ni mai nasara ce" ba. Ba haramun ba ne, amma a cikin hanyoyi huɗun nan magana ba ita ce mai ƙarfi ba, kuma takan zube da zarar an dawo da aiki an ce bai yi ba. Har Filibiyawa 4:13, wadda ake liƙawa a bangon shaguna, ana yi mata karatun da ba nata ba. Bulus yana tsare ya rubuta ta, kuma ayoyin da suka gabace ta suna maganar ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da yalwa da rashi. "Kome" ɗin da ya ce zai iya ta wurin Almasihu ya haɗa da watan da ba a sayar da kome ba. Wannan alkawarin ya fi wanda ake liƙawa amfani ga 'yar kasuwa, domin kasuwa hawa da sauka ce. In darajarki a idonki tana bin cinikin rana, to, ranar Litinin ke wata ce, ranar Laraba ba kowa ba. Mai bi tana da wurin tsayawa da ba ya motsi: an karɓe ta cikin Almasihu tun kafin ta sayar da ko ɗankwali. Daga nan ne take iya jin "ya yi tsada" ba tare da ta ji an ce "ba ki da amfani" ba.

Yanzu maganar bashin 'yan'uwa. An tashi daga sujada, wata ta riƙe hannunki a bakin ƙofa tana murmushi, ta ce kayan sun yi kyau, za ta aiko ƙarshen wata. Wata ya ƙare, wani ya kama, kuna haɗuwa a zumunta kuna gaisawa, ke kina jin abu ya tokare miki a ƙirji, ita kuma ta fara kauce wa layin da kike zama. Kin ga abin da ya faru? Kin yi shiru don ki tsare zumunci, ga zumuncin ya lalace, ga kuɗin ba su zo ba. Kunyar marar kunya asara ce, kuma wani lokaci ma wadda ake bi ba marar kunya ba ce, mantuwa ce ko matsi, tana jira ne ki buɗe maganar.

Ki raba kyauta da ciniki, kowanne da ƙofarsa. Ki ware wani kaso daga riba, wanda ke kika yanke da addu'a, na taimako. In gwauruwa ko marainiya tana bukata, ki ɗinka mata daga wannan kason, ki ce mata kyauta ce, kada ta kwana da nauyin bashi. Sauran kuwa ciniki ne, da ƙa'ida ɗaya ga kowa: a ba da wani abu kafin a yanka yadi, a cika kafin kaya su fita. In an saba da ke a kan akasin haka, za a yi gunaguni na ɗan lokaci. Ki jure. Ga tsofaffin basussuka, ki bi tsarin Matiyu 18:15, ki sami mutum ke da ita kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ba ta bakin wata ba. Magana gajeriya ta isa: "Yaya, akwai ragowar kuɗin ɗinkin nan, ga adadin. Ƙarshen mako zan biya yara albashi, yaushe zan sa rai?" In ba ta da hali, ku yanka yadda za ta riƙa biya kaɗan kaɗan. In kin ga ya kamata ki yafe, ki yafe da baki, ki soke a littafi, ki cire a zuciya.

Akwai dalilin da ya sa nake matsa miki a kan wannan. Kuɗin da kike jin kunyar tambaya ba naki ke kaɗai ba ne. Kina da ma'aikata. Littafin Firistoci 19:13 ya hana a bar ladan ma'aikaci ya kwana a hannun mai aiki, Yakubu 5:4 kuma ya ce ladan da aka hana ma'aikata yana kuka har Ubangiji ya ji. In kina yi wa masu saye alheri da kuɗin da ya kamata ya zama albashin yarinyar da ta kwana a kan keke, wannan alherin da dukiyar wani aka yi shi.

Sai addu'ar da kika ce ta yi sanyi. Ina jin kin raba rayuwarki gida biyu: ruhaniya tana ɗakin sujada da lokacin shiru na safe, shago kuma wuri ne da yake cinye lokacin Allah. In haka kike gani, kullum za ki riƙa jin laifi, domin yawancin awannin da kike a farke a shago kike yin su. Amma ina ne ake gwada haƙurinki in ba lokacin da ma'aikaciya ta ɓata yadin mutane ba? Ina ake gwada gaskiyarki in ba lokacin da ragowar yadi ta rage, mai shi ba ta sani ba? Karin Magana 11:1 ya ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, ma'auni na gaskiya kuwa abin jin daɗinsa ne. Alkawarin "ranar Alhamis za a gama" da kika san ba zai yiwu ba, shi ma ma'aunin algus ne. Girma cikin ruhaniya ga mai sana'a a irin waɗannan wurare yake faruwa, kuma yana da wuya fiye da azumin kwana uku.

Wannan ba ya nufin a bar keɓewa da Allah. Marta, wadda ta sauki Yesu a gidanta, ba don tana hidima ya yi mata magana ba, sai don damuwa da abubuwa da yawa ta raba mata hankali. Shawarata ita ce ki rage buri, ki ƙara naci. Minti goma sha biyar kowace safiya kafin ki taɓa waya, da sura guda ko rabinta, sun fi awa biyu da kike yi wa kanki alkawari ba kya cikawa. Ki shigo da shagon cikin addu'ar da sunayensa: wance da take bin ki, wance da kike bi, shawarar ɗaukar sabuwar ma'aikaciya, tsoron da kike ji. Da yamma in kina rufe littafin ciniki, ki ƙara minti biyu ki tambayi kanki inda kika yi gaskiya yau da inda tsoro ya yi magana a madadinki. Kuma ki huta rana ɗaya a mako. Na san lokacin bukukuwa wannan magana kamar wasa ce, amma Zabura 127:2 ta ce aikin banza ne a yi sammako a kwanta a makare ana cin abincin wahala. Rufe shago rana guda shaida ce cewa kin yarda ba hannunki kaɗai yake riƙe da shi ba.

Game da tsoron girman kai, yana da kyau da kike da shi, kada ki yar. Sai dai ki san alamunsa na gaskiya. Girman kai ba faɗin kuɗin aikinki ba ne. Shi ne ki kasa karɓar gyara, ki kasa ce wa mai saye "laifinmu ne, za mu sake", ki ji zafi in an yabi aikin wata, ki fara yi wa ma'aikata magana kamar ba mutane ba. Maimaitawar Shari'a 8:17-18 ta gargaɗi wanda ya yi arziki kada ya ce ƙarfin hannunsa ne ya samo masa, ya tuna Ubangiji ne yake ba da ikon samu. Ayar ba ta ce babu ikon ba. Ta faɗi inda ya fito. A misalin talanti na Matiyu 25, wato kuɗin da maigida ya damƙa wa bayinsa uku, bawan da aka tsawata wa shi ne wanda ya ce tsoro ya ji, ya binne abin da aka ba shi. Mai biyar da mai biyu kuwa yabo iri ɗaya suka samu, ko da yake ribarsu ba ɗaya ba ce. Ki tuna da wannan in kina duba hotunan shagunan wasu a Instagram zuciyarki tana karaya. Hoto ba ya nuna bashin da ke kan mai shago.

Kada ki yi wannan tafiya ke kaɗai. Ki nemi mace ɗaya ko biyu masu bi da suka riga ki a kasuwanci, ba lallai a ɗinki ba, waɗanda za ki iya buɗe wa littafinki ba kunya, su kuma faɗa miki gaskiya. Mai cewa "Allah zai yi" kawai tana da amfaninta, amma kina bukatar wadda za ta ce "wannan aikin asara kike yi a kansa, ki ƙara kuɗi ko ki daina karɓa", sa'an nan ku durƙusa tare. In kina da aure, ki nuna wa maigida lissafin, domin yawancin saɓani a kan kuɗin shago daga rashin sani yake tasowa, musamman in ba a raba kuɗin sana'a da na cefane ba. In kuma fargabar ta kai ga hana ki barci ko cin abinci na makonni, ki ga likita. Wannan ba ya rage kome daga bangaskiyarki.

Kin tambaya ta ina za ki fara. A wannan makon ki zaɓi aikin da aka fi kawo miki, ki fitar da ainihin kuɗinsa har da ladanki, ki rubuta sabon farashin a takarda ki ajiye kusa da keke inda idonki zai riƙa gani. Ki rubuta sunayen duk waɗanda kike bi da adadin kowa, ki yi addu'a a kan jerin, ki ware waɗanda za ki yafe wa. A cikin sauran, ki fara kiran wadda kika fi jin sauƙin yi wa magana.